Babi na Shida: Kiwon Kare da Kyanwa a Ƙasar Noman Rani

Cikin dabbobin da ake ajiyewa a gidajen Bunkure da Kura da Garun Malam, kare da kyanwa ne kaɗai maigida ba ya sa ran nama ko nono ko kuɗin kasuwa daga gare su. Don aiki ake ajiye su. Kare yana gadin injin ban-ruwa da aka bari a bakin gona, yana kwana kusa da tarin shinkafar da aka yanke ba a kai ga bugawa ba, yana bin garke, yana bin mafarauci. Kyanwa kuwa wurin aikinta sito ne da rumbu da ƙarƙashin gado. Da yake ba a sayar da su, ba kasafai ake sa su a lissafin gida ba. Akuya tana da dusarta da harawarta, kaza tana da tsabarta, shi kuwa kare sai abin da ya tsinta.

Yanayin ƙasar ma ya sa kiwonsu a nan ya bambanta da na sauran ƙauyukan Kano. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan kanal zuwa Kadawa da garuruwan kewaye, gonakin yankin suka daina hutun rani. Shirin, wanda Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, an tsara shi ne kan kimanin hekta 22,000. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa da masara. Inda hatsi ba ya yankewa ɓera ba ya yankewa, inda danshi ya zauna kaska da ƙuma da sauro sun zauna, kuma kusan kowane gida yana da galan ɗin maganin feshi a wani lungu. Yawancin abin da ke kashe kare da kyanwa a wannan yanki daga cikin waɗannan yake fitowa.

Matsayinsu a addini da al'ada

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen ƙasar Hausa suke bi, kowane mai rai mai tsarki ne, har da kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi bin umarni ne kawai, wasu malaman kuma suna ganin najasa ce dalili. Inda ba a yi saɓani ba shi ne halaccin ajiye kare don gona da kiwo da farauta, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai. Hadisai sun ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ke nan mutum yana da zaɓi ya ƙi ajiye dabba, amma idan ya ajiye, cinta da shanta sun hau kansa.

Kyanwa ta fi kare samun shiga, tunda abin da ta sha ta rage ana alwala da shi. Amma ita ma ba ta tsira ba: akwai masu camfa baƙar mage da maita ko aljanu, yara kuma su bi ta da jifa. Launin gashi gado ne daga iyaye, babu wani abu a bayansa.

Ci da sha da makwanci

Kare yana iya rayuwa da abincin gida, tuwo da ƙanzo da shinkafa, muddin ana haɗa masa da abin gina jiki: romon ƙashi, dafaffen ƙwai, dafaffen wake, nono, ko guntun kifin da aka cire wa ƙaya. Kwikwiyo yana ci sau 3 ko 4 a yini, babban kare sau 1 ko 2. Ƙashin kaza da aka dafa ko aka gasa yana tsagewa ya yi tsini, ya soki maƙogwaro ko hanji, don haka babban ƙashin saniya ya fi masa.

Abu biyu ne mutanen wannan yanki suka fi bukatar kiyayewa. Na farko albasa. Ita da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, kuma illar ba ta bayyana nan take sai bayan kwanaki, dabbar ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi ja. A garin da ake jibge albasa a tsakar gida kuma ake zuba ta a miya ba awo, sauran miyar da ake juye wa kare kullum tana iya zame masa ciwo. A ɗebar masa tuwonsa kafin a zuba miya. Na biyu ɗanyen kayan ciki. Idan mahauci ya ga huhu ko hanta mai ƙulli cike da ruwa, abin da ya saba yi shi ne ya yanke ya jefa wa kare, haka ma ake yi a gidaje ranar layya. Wannan ƙullin jaririyar wata tsutsa ce da ke girma a hanjin kare, ƙwayayenta su fita ta kashinsa su koma kan ciyawa da ganye da hannun yara, su sake yin irin ƙullin a hantar tumaki da ta mutum. Naman da ya nuna alamar cuta a binne shi ko a ƙone, wanda za a ba kare kuma a dafa.

Kyanwa dabbar nama ce zalla. Jikinta yana bukatar wani sinadari, tawurin, da ba ya samuwa sai a nama da kifi, rashinsa kuma yana kawo makanta da ciwon zuciya. Kyanwar da ake ba tuwo kawai, ɓerayen da take kamawa ne suke riƙe da ita. Ɗanyar madara tana sa da yawansu zawo, kindirmo kaɗan ya fi sauƙi a cikinsu. Akwai masu hana kyanwa abinci wai don ta dage da kamun ɓera. Kuskure ne. Farauta ɗabi'arta ce, ko ta ƙoshi tana yi, kuma mai yunwa ita ce ke barin gida ta koma bin juji da satar kifi a kicin ɗin maƙwabta.

Ruwa kuwa a kwano na musamman, a inuwa, a sauya shi kullum. Karen da ba shi da ruwa a gida zai sha na kwatar gona, wanda sau da yawa an wanke tankin feshi a ciki. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kare kuma ba ya gumi ta fata irin na mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Wanda aka ɗaure a rana tsaka yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Idan aka ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a riƙa zuba masa ruwa mai ɗan sanyi a ciki da ƙafafu. Da hunturu kuma 'yan kwikwiyo da 'yan kyanwa ne ke shan wuya, buhu ko tsumma a lungun da iska ba ta bugawa ya wadatar.

Horon kare

Malaman fiƙihu, da suke bayanin karen da ya halatta a ci abin da ya kamo, sun ce shi ne wanda idan aka tura shi zai tafi, idan aka tsawata masa zai tsaya. Duk wani horo, na gadi ne ko na kiwo ko na farauta, kan waɗannan biyun aka gina shi, kuma na biyun ya fi wuya. Karen da ba ya dawowa idan an kira shi, ba a gama horonsa ba komai zafinsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, domin a wajenta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Tsakanin mako 3 da mako 12 ne yake karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin da aka saba, saboda haka a wannan lokaci ake so ya ga 'yan tsaki da awaki da yara da babur, ya ji ƙarar injin ban-ruwa, ba tare da an tsorata shi ba. Kwikwiyon da ya tashi cikin kaji, ana hana shi duk lokacin da ya yunƙura ya bi su, da wuya ya zama mai cin kaji idan ya girma.

Hanyar koyarwa ba ta da tsada. A ba shi gajeren suna, a kira shi, idan ya zo a ba shi ɗan ƙuli-ƙuli ko guntun busasshen kifi nan take. Saurin ladan shi ne sirrin, domin kare yana haɗa lada ko tsawa da abin da yake yi a daidai wannan lokacin ne kawai. Wanda ya ci ƙwai da safe aka doke shi da yamma, bai san laifinsa ba, abin da ya koya shi ne maigida abin tsoro ne. Minti 5 sau biyu ko uku a yini ya isa, kuma mutanen gida su daidaita kan kalma guda ga kowane umarni. Kada a taɓa kiran kare don a doke shi, ko da ya yi ɓarna, in ba haka ba gobe ba zai amsa kira ba.

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa kare ba ya zafi sai an ɗaure shi da sarƙa dare da rana, an hana shi ganin mutane, an zuba masa barkono a abinci, wasu har da ƙwaya. Abin da wannan ke haifarwa dabba ce mai firgici da ba ta bambance ɓarawo da baƙo. Aikin karen gadi haushi ne, ya ta da mai barci. Ɓarawon da ya zo ɗaukar inji ya san da karen, ya zo da shirinsa. Waɗanda ake cizo kuwa su ne almajiri da 'yar talla da yaron maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Yanke kunne da wutsiya ma ba ya ƙara ji ko gudu, rauni ne kawai da ƙudaje za su bi. Idan dole sai an ɗaure kare da rana, igiyar ta zama doguwa, a inuwa, da ruwa kusa, a kwance shi safe da yamma.

Yara ma suna bukatar nasu horon: ba a taɓa kare yana ci ko yana barci, ba a kusantar karya mai shayarwa, ba a jifa. Yaron da kare ya taso wa ya tsaya cik, ya sauke hannu, ya kau da ido. Gudu ne ke sa kare bi.

Kyanwa da ɓera

Hatsi ne ya haɗa mutum da kyanwa tun asali. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da manoman Gabas ta Tsakiya suka fara tara alkama da sha'ir, ɓeraye suka zo, kyanwar daji ta biyo su, ta zauna. Abin da ke faruwa ke nan har yau a kowane siton shinkafa na Kura.

Sai dai a san iyakarta. Kyanwa tana kama kusu da ƙananan ɓeraye, amma ba kowace ke tunkarar ƙaton ɓera ba, balle gafiya. Amfaninta mafi girma tsoron da take sa musu ne. Wani bincike da aka yi a gidajen karkara na ƙasar Eswatini, aka buga a 2017, ya gano cewa ɓeraye sun fi ƙaurace wa gidan da ke da kare da kyanwa tare, fiye da gidan da ke da ɗaya kawai. To amma ko da su biyun, buhun da aka ajiye a ƙasa jikin bango zai sha ɓarna. A ɗora buhuna kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda kyanwa za ta iya zagayawa, a toshe ramuka. Batun ya wuce asarar hatsi, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tashi. Mushen ɓeran da kyanwa ta kawo tsakar gida, a ɗauke shi da shebur ko leda a binne, ba da hannu ba.

Sabuwar kyanwa a tsare ta a ɗaki guda mako ɗaya ko biyu, da abinci da ruwa, kafin a sake ta, in ba haka ba za ta nemi hanyar tsohon gidanta. 'Yan kyanwar da aka saba ɗauka a hannu tsakanin mako 2 da mako 7 su ne ke tashi da son mutane. Wurin bayan gida ba ya bukatar koyarwa sosai: tsohon daro da yashi a lungu, nesa da abincinta. Wannan yana da muhimmanci a gidan da ake shanya shinkafa ko masara, domin kyanwar da ba ta sami yashi ba za ta tona shanyar ta yi a ciki. A kwashe daron kullum, kuma kada mai juna biyu ta yi wannan aiki, saboda kashin kyanwa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke illata ɗan tayi. Ƙwayar ba ta zama mai kamawa sai kashin ya kwana, shi ya sa kwashewar kullum take da amfani. Idan tana yage buhu da farce, a ajiye mata guntun icce mai ɓawo kusa da wurin. Akurkin 'yan tsaki da ɗakin tattabaru kuwa a rufe su da waya, wannan ba abin da horo ke gyarawa ba ne.

Ciwon haukan kare

Babu cutar da ta kai wannan muhimmanci a duk babin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Daga wurin cizon take bin jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da firgita da ruɗewa, babu magani. Kafin su bayyana kuwa allura tana tare ta, tun daga 1885 da Louis Pasteur ya fara gwada ta kan wani yaro a Faransa.

Riga-kafin kare ana fara shi yana wata 3, a maimaita kowace shekara, kyanwa ma haka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura, akwai kuma ta ƙasashen waje. Ana samunta ta hannun malaman dabbobi na ƙaramar hukuma da asibitocin dabbobi na cikin Kano, irin su na Gwale da Kundila, kuma akan yi gangamin allura a kusa da 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don wannan cuta. Allurar tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, don haka wadda ta yini a rana kan tebur ɗin kasuwa ba ta da amfani. A karɓi katin shaida a adana. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Saboda haka aikin na unguwa ne gaba ɗaya, kuma mai unguwa da sarkin baka sun fi kowa iya tara masu karnuka rana guda.

Karnukan farauta sun fi kowane kare bukatar wannan allura. Farauta sana'a ce mai rai a Bunkure, kuma mafarautan ƙauyuka irin su Torankawa suna kaiwa har kudancin ƙasar nan. Duniya ta san haka ta hanya mai ciwo a ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo kan hanyarsu ta dawowa gida yin sallah, da dama daga cikinsu 'yan wannan ƙaramar hukuma. Karen da ke irin wannan doguwar tafiya yana cuɗanya da namun daji da karnukan garuruwa da yawa, abin da ya kwaso kuma gida zai kawo shi.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba. Wani yakan yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana zuba, sai a zaci ƙashi ne ya maƙale masa, a sa hannu a bakinsa. Kada a yi haka. Duk karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, mai faɗa ya yi sanyi ko mai sanyi ya hau cizon icce da ƙasa, a kulle shi a kira malamin dabbobi.

Idan kare ko kyanwa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15 cur. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗarin ƙwarai. Ban da ɗaure raunin, ban da zuba barkono ko toka, ban da ƙona gashin karen a shafa. Daga nan sai asibiti a ranar, na Kura ko na Rano ko duk wanda ya fi kusa, idan babu allurar a can a wuce cikin Kano. Ana yin ta a ranar farko, sai bayan kwana 3 da bayan kwana 7, da abin da likita ya ƙara, kuma dole a cika. Karen da ya yi cizon, idan na gida ne, kada a yi saurin kashe shi: a tsare shi kwana 10. Idan ya wuce su lafiya ƙalau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura.

Kaska, ƙuma, ƙazuwa da tsutsa

Kaska tana shan jini, tana kuma sa wa kare zazzaɓin da ke ƙarar da jini. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu da wuya, a kama ta dab da fata a zare a hankali. Ƙwayayenta a tsagar bango suke, don haka wanka kaɗai ba ya raba kare da ita sai an gyara makwancinsa. Ƙazuwa, wadda ke zubar da gashi ta sa susa, tana jin allurar malamin dabbobi. Shafa baƙin man inji da ake yi yana ƙona fata, dabbar kuma ta lashe shi. Da damina wani ƙuda yana yin ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari, tsutsarsa ta shige fatar 'yan kwikwiyo ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Idan aka toshe ramin da man shafawa, tsutsar takan leƙo a matse ta. Maganin tsutsar ciki ana ba kwikwiyo duk mako 2 har ya kai wata 3, babba kuma duk wata 3. Amai da zawo mai jini da wari a kwikwiyo alamar wata cuta ce mai saurin kisa da yaɗuwa, tana da riga-kafi da ake farawa daga mako 6 zuwa 8.

Guba

Nan ne noman rani ya fi yi wa waɗannan dabbobi illa. Maganin kwari da na ciyawa da na ɓera suna ko'ina, kuma hanyoyin da suke kaiwa ga kare da kyanwa sanannu ne: galan ɗin magani da aka yanke aka mai da shi kwanon ruwa, gonar da aka fesa kare ya ratsa ya lashe ƙafarsa, da wankan kaska da maganin feshin tumatir ko piya-piya. Kyanwa ta fi rauni, domin hantarta ba ta iya sarrafa magunguna da yawa da ta kare ke iyawa, kuma duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin yana kashe ta. Farasitamol ƙwaya ɗaya ma yana iya kashe ta. Maganin mutane, ko na ciwon jiki ne, ba a ba dabba sai da izinin likitanta.

Maganin ɓera yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Ɓeran da ya ci guba yakan fito fili yana layi, shi ne mafi sauƙin kamu, kyanwa ta cinye shi ta kwashi rabonta. Gidan da ya zuba guba don ɓera yakan wayi gari babu kyanwa, bayan 'yan makonni kuma ɓerayen maƙwabta su cike gurbin, ba mai korarsu. Gidan da ke da kyanwa, tarko ya fi masa. Idan ba makawa sai an sa guba, a sa ta cikin bututu ko akwati mai ƙaramar ƙofa, a tsare dabbobin, a tsince mushen da sassafe.

Alamun gubar maganin kwari suna zuwa da sauri: dalala, karkarwa, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke. Na maganin ɓera mai tsinka jini sai bayan kwana 3 zuwa 5, da kasala da haɓo da jini a kashi. Kowannensu yana da makari a wajen likitan dabbobi idan an kai da wuri, kuma makarin wannan ba shi ne na wancan ba, don haka a tafi da kwalbar ko takardar maganin. Idan a fata ya zuba, a wanke da sabulu, mai wankin ya sa leda a hannu. Ɗura manja ko madara ga dabbar da ke karkarwa yana iya sa ta shaƙe. Da yake dalalar guba tana kama da ta hauka, a riƙa nisantar bakin dabbar a kowane hali.

Haihuwa, ɓata da mutuwa

Cikin karya da na kyanwa duk wajen kwana 63 ne. Karya takan yi zafi sau 2 a shekara, kyanwa kuwa tana iya haihuwa sau 2 ko 3, tun tana wata 5 ko 6. 'Ya'yan da ba a shirya musu ba su ne ake zubarwa a bakin kanal ko bayan gari, waɗanda suka rayu su zama karnukan da ba mai su, ba allura. Fiɗiyar namiji da aikin hana haihuwa na mace, idan likita ya yi su da allurar kashe zafi, suna rage yawon dare da faɗa, suna kuma kare kare daga wani ƙari mai zubar jini da ake ɗauka ta barbara. Fiɗiya ba ta hana kare haushi, ba ta hana kyanwa kamun ɓera. Wanda bai sami hali ba ya tsare karyarsa mako 3 na lokacin zafi, ya kuma nemi masu karɓar 'ya'yan tun kafin a haife su.

Karen da ke yawo yana gamuwa da motocin titin Kano zuwa Zariya, da kanal mai gefen siminti da ba a iya hawowa idan ruwa ya cika, da masu sayen karnuka zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, waɗanda ɓarayi ke kai wa na sata. Abin wuya mai alamar gida da sabon kwana a wuri guda suna rage wannan. Saran maciji, kububuwa ko kasa, ya fi faruwa a fuska da ƙafar gaba, kuma tsaga wurin ko ɗaure shi ba ya taimako. A ɗauki karen, kada a bar shi ya yi tafiya, a kai shi ga likita.

Dabbar da ta mutu ba a jefa ta a kanal, domin ruwan da zai wuce da ita shi ne na wanki da wanka da ban-ruwan garuruwan da ke ƙasa. Ba a kuma yar da ita a juji, inda wasu karnuka da angulu za su ci, musamman idan guba ce ta kashe ta. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya ko fiye, nesa da rijiya, a binne. Idan ana zargin hauka ne, musamman in ta ciji wani kafin ta mutu, a sanar da malamin dabbobi kafin a binne, domin da ƙwaƙwalwarta ake gwajin tabbatar da cutar a ɗakunan bincike irin na Vom da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.